Ɗaukaka Ƙara a Ƙasar Gwandu da Argungu: Matsalar Hurumi da Haƙƙin Mai Gona

Duk wanda ya zauna ya karanta hukunce-hukuncen da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, reshen Sakkwato, take yankewa a kan ƙararrakin da ke zuwa mata daga Jihar Kebbi, zai yi ta karo da labari iri ɗaya. Mutum biyu ne ke jayayya a kan gona. Ƙara ta fara a ƙaramar kotun Shari'a, ta hau Babbar Kotun Shari'a ta Argungu ko ta Birnin Kebbi, daga nan wanda aka kayar ya yi afil zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Alƙalai uku suka buɗe littattafan fiƙihu, suka auna shaidu, suka yanke hukunci. Da magana ta isa Sakkwato, sai aka ce kotun da ta yi wannan aiki ba ta da hurumin sauraron rikicin mallakar gona tun farko. Aka soke hukuncinta, aka mayar da takardu ga Babban Jojin jiha domin Babbar Kotun Jiha ta saurari afil ɗin daga tushe. Ba a ce wane ne mai gona ba. Shekarun da suka wuce, da kuɗin mota, da kuɗin lauya, da dattawan da suka ba da shaida suka riga mu gidan gaskiya, duk sun tafi ke nan.

Ra'ayina shi ne alƙalan Sakkwato suna kan daidai ta fuskar doka, amma tsarin da yake barin wannan abu ya yi ta maimaituwa yana cutar da talaka, kuma akwai gyaran da za a iya yi masa a Birnin Kebbi ba tare da jiran Abuja ba. Kafin a kai ga gyaran, sai an gane yadda aka yi hanyar afil ta rabu biyu, domin rabuwar tana da tarihi, kuma wani babban yanki na tarihin a ƙasar Gwandu aka yi shi.

Tsanin kotuna a Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, yana da ƙafa biyu a ƙasa. Akwai kotunan majistare, akwai kotunan Shari'a da manyansu. A samansu akwai Babbar Kotun Jiha, wadda sashe na 270 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 275 ya ba kowace jiha damar kafawa in tana buƙata. Waɗannan biyu tsaran juna ne, babu wadda take duba hukuncin 'yar'uwarta. Dukansu suna haɗuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, wadda reshenta na Sakkwato yake kula da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, bayan an daɗe ana tafiya har Kaduna. Daga can sai Kotun Ƙoli a Abuja. Manomin Argungu da ya bi wannan tsani zai gangara Birnin Kebbi, sa'annan ya juyo ya ratsa garinsu ya nufi Sakkwato.

Sake duba hukuncin alƙali ba Turawa suka kawo mana shi ba. Malaman Malikiyya sun yi bayanin inda ake warware hukunci: idan ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi mabayyani, ko ƙa'idojin Shari'a. Abin da ya fita daga waɗannan, wato hukuncin da alƙali ya gina a kan ijtihadi karɓaɓɓe, ba a rushe shi don kawai wani alƙalin yana da wata fahimta. A daular Usmaniyya wanda bai gamsu da alƙali ba yana kai kuka majalisar sarki, kuma sarakunan yamma Gwandu suke dubawa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe wannan yanki, ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano a lokacin jihadi, ya tsara wa masu mulki da alƙalai haddodin aikinsu. Abin lura a wancan tsari shi ne mai ƙara da alƙalin farko da mai sake dubawa duk ma'auni ɗaya suke riƙe da shi. Abin da mulkin mallaka ya kawo shi ne mai dubawa da ke riƙe da wani ma'aunin daban.

Turawa sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna aiki, sun kasa su daraja-daraja, sun hana haddin yanke hannu da jifa, sun bar wa manyan kotunan sarakuna ikon yanke hukuncin kisa bisa sharaɗin sai Gwamna ya tabbatar. Sauyin dokokin kotuna na 1933 ne ya buɗe ƙofar afil daga waɗannan kotuna zuwa kotunan Turawa. Shekara 14 bayan haka, a 1947, zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, aka yi shari'ar da ta girgiza Arewa gaba ɗaya, wato shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Kotun Sarkin Gwandu ta samu mutumin da laifin kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya, wanda ba ya rage nauyin kisan ganganci don an tunzura mai kisa. A dokar laifuffuka ta Turawa kuwa, tunzurawa mai tsanani tana sauko da laifin daga wanda ake kashe mutum a kansa zuwa wanda ake ɗaure shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, ta ce duk laifin da dokar Turawa ta ambata, da ita za a yi hukunci ko da a kotun sarki ne. Sarakuna da alƙalai suka ga an zare musu Shari'a daga hannu da hukunci guda. Aka gyara doka a 1948, aka sake gyarawa a 1951, rigimar ba ta kwanta ba. A 1957, a shari'ar Maizabo da En'e ta Sakkwato, kotun ƙoli ta tarayya ta wancan lokaci ta ce alƙali na iya yin shari'a da dokar Musulunci, amma horon da zai yanke kada ya wuce abin da dokar Turawa ta tanada ga irin wannan aiki.

Wannan ruɗani, haɗe da tsoron da ƙananan ƙabilu suka nuna gab da samun 'yancin kai, shi ya sa gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da 'yan ƙasa irin su Shettima Kashim. Daga shawararsu aka samu dokar Final Kod ta 1959, wadda ta fara aiki a 1960, ta ɗauke hukuncin laifuffuka daga littattafan fiƙihu ta mayar da shi rubutacciyar doka guda ga kowa. A madadin haka aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa, wadda Shehu Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962, aka keɓe mata al'amuran iyali da gado. Sauran ƙararraki, har da na filaye da bashi da ciniki, aka tura afil ɗinsu Babbar Kotu. Nan hanya ta rabu. A 1968 aka karɓe kotunan En'e aka mayar da su kotunan yanki a hannun gwamnatin jiha, aka rufe kotunan sarakuna. Taƙaddamar majalisar tsara kundin mulki ta 1978, inda wakilai Musulmi suka fice daga zaure a kan batun kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta tarayya, ba ta sauya wannan rabo ba. Kundin 1979 ya ɗauke shi, na 1999 ya gada.

Sashe na 277 shi ne cibiyar maganar. Ya lissafa abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a za ta saurara: aure da ingancinsa da mutuwarsa, dangantakar iyali da riƙon yara, wakafi da kyauta da wasiyya da gado idan mai bayarwa ko mamacin Musulmi ne, sha'anin yaro da wawa mai ɓarnar dukiya da mai taɓin hankali, da ɗaukar nauyin gajiyayye. Ba a ambaci mallakar ƙasa ba, ba a ambaci ciniki ba, ba a ambaci laifi ba. Kotun Ƙoli ta nanata wannan iyaka a shari'ar Magaji da Matari a 2000, inda ta ce jayayya a kan wane ne mai gona ba ta cikin hurumin wannan kotu ko da duka masu shari'ar Musulmi ne.

Ma'aunin da kotuna suke amfani da shi shi ne da'awar mai ƙara kamar yadda ya faɗe ta a gaban alƙalin farko. A nan ne talaka yake faɗawa rami, domin a bakin Bahaushe kusan kowace gona ta gado ce. Idan mutum ya ce yana ƙarar yayansa saboda ya riƙe gonar mahaifinsu ya ƙi a raba, wannan gado ne, afil ɗinsa na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ne. Idan kuwa ya ce yana ƙarar maƙwabcinsa saboda gonar da yake nomawa ta kakansa ce, aro aka ba uban maƙwabcin, to ko da ya ambaci gado sau goma, abin da ake jayayya a kai mallaka ce tsakaninsa da bare, afil ɗin na Babbar Kotun Jiha ne. Tsakanin waɗannan biyu akwai shari'o'i masu wuyar rarrabewa: ɗan'uwa ya ce mahaifinsu ya ba shi gonar kyauta tun yana da rai, ko wani magaji ya sayar wa bare kafin a raba, ko jikoki su taso a kan rabon da aka yi shekara 40 da suka wuce. Lauyoyi kansu suna saɓani a kan irin waɗannan. Ina ga manomin da bai taɓa jin sashe na 277 ba, wanda hankalinsa ya ba shi cewa abin da alƙalin Shari'a ya yanke, manyan alƙalan Shari'a ne za su duba?

Ƙa'idar hurumi kuma ba ta da sassauci. Tun shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 kotunan Nijeriya suka tsaya a kan cewa duk abin da kotu ta yi ba da hurumi ba, komai kyansa, kamar ba a yi ba ne. Yardar masu shari'a ba ta ba kotu hurumi, shirunsu ba ya ba ta, kuma ana iya tayar da maganar a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli. Saboda haka wanda ya kai ƙara wata kotu da ƙafarsa, in aka kayar da shi, yana iya zuwa gaba ya ce kotun ba ta da ikon sauraronsa, kuma a ba shi gaskiya.

Lokacin da jihohin Arewa suka faɗaɗa aiki da Shari'a, Zamfara a gaba, Kebbi ta bi sahu a 2000 zamanin Gwamna Adamu Aliero, majalisun jihohi sun yi ƙoƙarin haɗe hanyar. Sun dogara da farkon sashe na 277, inda aka ce jiha na iya ƙara wa kotun wani hurumi, suka yi dokokin da ke tura afil daga kotunan Shari'a zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ba ta karɓi wannan fassara ba. A 2007, a shari'ar Kanawa da Maikaset da ta taso daga Sakkwato, ta ce ƙarin da jiha za ta yi ba zai fita daga da'irar da kundin mulki ya zana ba, kuma dokar jiha da ta wuce nan ba ta da ƙarfi. Wannan ne ya haifar da halin da ake ciki: dokar jiha da al'adar mutane suna nuna ƙofa ɗaya, kundin mulki da hukuncin manyan kotuna suna nuna wata.

Abin ya fi ciwo a kwarin Rima fiye da wurare da yawa, saboda irin ƙasar da ake jayayya a kanta. Fadamar da ta miƙe daga Augie ta ratsa Argungu ta wuce Birnin Kebbi zuwa Bunza ba kamar gonar tudu take ba. Ruwa yana rufe ta da damina, yana share iyakoki, gulbi yana sauya hanya ya cinye gefen wani ya ƙara wa wani, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta halaka shinkafa mai yawa a jihar. Yawancin gonakin nan ba su da takarda. Hujjarsu tana cikin ƙwaƙwalwar dattawa da masu unguwanni da hakimai: wa ya sare dajin, wa aka ba aro, wa ya karɓi jingina a shekarar yunwa bai mayar ba. Darajar fadamar kuma ta tashi tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi. Gonar da a da ake barin maƙwabci ya noma don zumunci, yau noman rani ya sa ta zama jari, kuma aron da kakanni suka yi da baki ya zama abin da jikoki ke kai wa gaban alƙali. Shari'ar da hujjarta ke cikin ƙirjin tsofaffi ba ta jure jinkiri. In aka ce a sake sauraro bayan shekara bakwai ko takwas, kuma Babbar Kotu ta ga akwai buƙatar a koma kotun farko, wa zai tashi mamaci ya ba da shaida?

Akwai wani abu da ya sa nake ganin rabon 1960 bai dace da irin waɗannan shari'o'i ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 41, ta bar wa kotunan yanki da makamantansu sauraron rikicin filayen karkara, kuma alƙalin da ke zaune a Gulma ko Kangiwa da fiƙihun Malikiyya yake yanke su. Zai fara tantance wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake da'awa a kansa, domin hujja tana kan na farko, rantsuwa tana kan na biyu, kuma ba lallai wanda ya fara zuwa kotu ya zama mai da'awa ba. Zai duba adalcin shaidu, ya ba abokin shari'a damar sukar su. Zai duba hauzi: wanda ya ga bare yana noma gonarsa shekara 10, yana gari, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, ba a sauraron da'awarsa, amma tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40, kuma aro da jingina da haya ba sa zama mallaka komai daɗewa. Kafin ya yanke hukunci zai yi i'izari, ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, kuma barin wannan kaɗai ya isa a rushe shari'a. Waɗannan mas'aloli suna cikin Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim da Muhtasar na Halil da sharhohinsu. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan waɗannan littattafai su ne alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma su ne doka ta hana duba shari'ar. Waɗanda aka ba dubawa, alƙalan Babbar Kotu, sharaɗin naɗa su shi ne shekara 10 da zama lauya, ba sanin fiƙihu ba, ko da yake a cikinsu akwai masana.

Waɗanda suka tsara rabon 1960 sun hango wannan giɓi. Shi ya sa a dokar Arewa, idan Babbar Kotu za ta saurari afil daga kotunan alƙalai, wani alƙali daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a yakan zauna tare da masu shari'a biyu. Bayan kundin 1979 ya fara aiki, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ta ce wannan zama ya saɓa masa, aka daina. An cire abin da ya sa rabon ya yi ma'ana, aka bar rabon. Ba ina cewa hanyar Babbar Kotu ba ta haifar da hukunci nagari ba. Shari'ar Alkamawa da Bello, rikicin shufa'a a kan gida a birnin Sakkwato, ta wannan hanya ta bi har Kotun Ƙoli a 1998, inda aka tabbatar da cewa a mazhabar Malik maƙwabtaka kaɗai ba ta ba mutum haƙƙin shufa'a, aka kuma bayyana cewa dokar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce. Amma wannan ya samu ne domin a saman tsanin akwai masana fiƙihu irin su Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali, kuma manoma nawa ne ke da ƙarfin kaiwa can?

Kada a ɗauka talaka kaɗai hurumi ke kayarwa. A watan Yuni 2005 gwamnatin Kebbi ta sauke Sarkin Gwandu Almustapha Haruna Jokolo, ta naɗa Muhammadu Iliyasu Bashar. Babbar Kotun Jiha ta ce a mayar da Jokolo a 2014, reshen Sakkwato ya tabbatar a 2016. A watan Yuni 2025 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta rushe hukuncin duka biyun, bisa dalilin cewa dokar naɗa sarakuna da sauke su ta jihar ta wajabta a fara kai koke ga Gwamna kafin a je kotu, kuma ba a yi haka ba. Ba na shiga batun wa ya cancanci sarauta, wannan ya wuce. Abin da ya shafi nazarin nan shi ne shari'ar da manyan lauyoyin ƙasar nan suka yi shekara 20 suna fafatawa a kanta ta ƙare a kan matakin da ya kamata a taka kafin a shigar da ita. Idan haka ta faru a shari'ar gadon sarautar Abdullahin Gwandu, mai kadada ɗaya a fadamar Argungu ba shi da abin kariya.

A ɓangaren laifuffuka hoton ya bambanta, kuma a nan ne amfanin afil ya fi fitowa fili. A watan Yuli 1999 jita-jita ta bazu a ƙauyukan Randali da Kardi, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kebbi, cewa wani mutum ya yi ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wasu mutane suka kama shi suka kashe shi. Babbar Kotun Jiha ta same su da laifin kisa a ƙarƙashin sashe na 221 na Final Kod, reshen Kaduna ya tabbatar, suka tafi Kotun Ƙoli ɗaya bayan ɗaya, aka yanke shari'ar ɗayansu, Shalla, a 2007, ta wani kuma, Kaza, a 2008. Hujjar da lauyoyinsu suka riƙe ita ce tunzurawa, wato dai mas'alar da ta tashi a shari'ar Tsofo Gubba shekara 60 kafin nan, a masarauta ɗaya. Kotun ta ƙi karɓa, domin ba a tabbatar da cewa sun ji kalaman da kunnensu ba, labari aka ba su. Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, wanda ya taɓa zama alƙali a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Bauchi kafin daga baya ya zama Babban Jojin Nijeriya, ya yi bayani daga cikin fiƙihu cewa tabbatar da irin wannan laifi da zartar da hukuncinsa aikin hukuma ne bayan shari'a, ba na ɗaiɗaikun mutane ba. A ganina wannan hukunci yana da nauyi a idon Musulmin Kebbi domin bai tsaya ga rubutacciyar doka kaɗai ba, ya amsa wa masu kisan da harshen addinin da suka ce suna karewa.

Haka kuma kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a sun nuna abin da za su iya a manyan laifuffuka. A watan Maris 2002 ta Sakkwato ta soke hukuncin jifa da Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini, saboda dalilan da suka haɗa da cewa abin da ake tuhuma ya faru kafin dokar ta fara aiki, kuma ba a bayyana mata tuhumar yadda ya kamata ba. A watan Satumba 2003 ta Katsina, da rinjayen huɗu a kan ɗaya, ta sallami Amina Lawal, ta karɓi janye iƙirarinta, ta kuma yi la'akari da mas'alar kwantaccen ciki da Malikiyya suka sani. Duniya ta ɗauka matsin lambar waje ne ya kuɓutar da matan nan. Wanda ya karanta hukuncin zai ga ƙa'idar kawar da haddi da shubuha ce ta yi aiki, a hannun waɗanda suka san ta. Sai dai bisa fassarar sashe na 277 da manyan kotuna suka yi daga baya, hurumin waɗannan kotuna a kan laifi shi ma abin tambaya ne, kuma shi ya sa a Kano afil ɗin wani mawaƙi da aka yanke wa hukuncin kisa a 2020 Babbar Kotun Jiha ya tafi, ita ce ta soke hukuncin a 2021 saboda an yi masa shari'a ba lauya. Barin wanda ke fuskantar haddi cikin shakkar ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba ƙaramin haɗari ba ne.

Akwai kuma matsalar kwafin shari'a, wadda ba a cika magana a kanta ba. Kotun afil ba ta ganin shaidu, takarda take karantawa. A kotun Shari'a da Hausa ake magana, da Hausa ake rubutawa, a wasu wuraren ma mai shaida da Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci ya yi magana aka fassara. Kafin takardun su isa Sakkwato sai an juya su zuwa Turanci. Da yake hurumi ya rataya ne a kan lafazin da'awa, mai fassarar da ya rubuta cewa mutum yana neman gonarsa, alhali cewa ya yi yana neman rabonsa a gonar mahaifinsu, ya sauya kotun da za ta saurari afil ba tare da ya sani ba. Rajistara da mai fassara suna riƙe da rabin shari'a, amma su ne aka fi mantawa da su wajen horo da albashi.

Gyara na asali shi ne a taɓa kundin mulki: ko dai a faɗaɗa sashe na 277 ya haɗa duk shari'ar da aka yanke da dokar Musulunci tsakanin Musulmi a kotun farko, ko a halatta wa alƙalin Shari'a ya koma zama da Babbar Kotu a irin wannan afil. Na fi karkata ga na farko a sha'anin gonaki da ciniki, domin bai taɓa haƙƙin wanda ba Musulmi ba a Zuru ko Yawuri, wanda hanyarsa ta Babbar Kotu tana nan. Amma sashe na 9 yana buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, kuma duk lokacin da aka kawo maganar sai ta koma gardamar addini irin ta 1978. Manomin Argungu ba zai jira wannan ba.

Abin da ke hannun jiha ya fi sauƙi. Majalisar dokokin Kebbi ta daidaita dokokin kotunan Shari'a da hukuncin manyan kotuna, ta rubuta a fili irin ƙarar da ke zuwa kowace kotu. Babban Jojin jiha da Alƙalin Alƙalai na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a su fitar da umarni na haɗin gwiwa cewa duk alƙalin da ya yanke hukunci a kan gona ko gida ko bashi, ya faɗa wa masu shari'a da Hausa kotun da za su kai afil da kwanakin da suke da su, ya kuma rubuta haka a cikin kwafi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta sa a duba da'awar kowace ƙara a ranar da aka shigar da ita, wadda ba tata ba a sanar da mai ita nan take, kuma doka ta ba da damar a miƙa ta Babbar Kotu ba tare da an ce lokacinsa ya ƙure ba. Babbar Kotu ta ware masu shari'ar da suka karanci fiƙihu domin wannan aiki, ta riƙa zaman afil a kai a kai a Argungu da Yawuri da Zuru. Reshen ƙungiyar lauyoyi na Birnin Kebbi kuma ya ja kunnen 'ya'yansa, domin lauyan da ya karɓi kuɗin manomi ya shigar da rikicin mallakar gona inda Kotun Ƙoli ta ce ba a kaiwa ba shi da uzuri. Ina kira ga Babban Jojin Jihar Kebbi da Alƙalin Alƙalanta su fara da wannan umarni na haɗin gwiwa, domin ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko izinin kowa daga Abuja.